Malam Nasani da Fitilar Birki

Ba iyayensa ne suka sa masa suna Nasani ba, mutanen layinsu ne. Mutum ne da ba a gama gaya masa magana. Kana cewa, "Ka ji wai…" zai tare ka da "Na sani." Sana'arsa sayar da ƙwan fitila da soket da wayar lantarki a wani ɗan shago da ke manne da gidansa, amma in ka zauna a bencin ƙofar shagon na ɗan lokaci, za ka tashi da labarin cewa ya taɓa gyara injin jirgin ruwa, ya taɓa ba likita shawara likitan ya gode, kuma shi ya fara gano abin da ke sa firji gurnani.

Mutum ɗaya ne duk wannan bai taɓa burge shi ba, wato surukinsa, mahaifin matarsa Maman Biyu. Tsoho ne mai ƙarancin magana, ya yi ritaya, yana da wata mota ruwan toka da yake kula da ita fiye da yadda yake kula da haƙoransa. Ta tsufa, amma ko ƙwarzane babu a jikinta. Tun da Nasani ya auri 'yarsa bai taɓa barinsa ya zauna a kujerar direba ba, ko da motar a kashe take. Wannan abu yana cin Nasani a rai ƙwarai, domin dai yana da lasisi, kuma kowa a layin ya ga lasisin, har waɗanda ba su nemi gani ba.

Sai idon tsohon ya fara rauni, aka ce ya tafi wani asibiti mai nisa a duba shi. Maman Biyu ta yi ta bin mahaifinta da roƙo a kan ya bar motar a hannun mijinta. Ta ce ita ta tsaya masa, in wani abu ya faru a kama ta. Da ƙyar tsohon ya yarda. Ranar tafiya ya kawo motar da kansa, ya ajiye ta a ƙofar gidan Nasani, ya riƙe mukullin bai saki ba.

"Ka tashe ta kowace safiya don kada batir ya kwanta," in ji shi. "Ranar da zan dawo ka zo tasha ka ɗauke ni. Kada ka buɗe bonet."

"Na sani, Baba."

"Ban gama ba. Idona ya gaji, ina neman wanda zai riƙa tuƙa ni. In na dawo na same ta yadda na bar ta, mukulli na biyu naka ne."

Tun daga wannan rana mukullin bai sake shiga aljihu ba. Yana rataye a zobensa na ƙarfe, zoben yana yatsan Nasani, yatsan yana juyawa. Da shi yake nuna wa masu saye kaya, da shi yake sosa kunne, da shi yake gaishe da mutane daga nesa. Kafin a je ko'ina ya tsara rayuwarsa ta gaba kaf: inda zai riƙa ajiye motar a gaban shago, rumfar da zai kafa mata, da waɗanda zai rage wa hanya da waɗanda zai wuce su yana ɗaga musu hannu. Kowace safiya yana tashin motar kamar yadda aka ce, sai dai kansa a waje yake ta taga, yana gaishe da masu wucewa don su tabbatar da wanda ke zaune a ciki. Saboda haka bai taɓa kallon allon da ke gabansa ba ko sau ɗaya.

Ranar da tsohon zai dawo, Nasani ya ga ya kamata maƙwabta su ɗanɗana arziki. Ya kira Tela, mutum mai saurin yarda da duk abin da aka faɗa da ƙarfi, ya zaunar da shi a gaba. Ya kira Mai Aski, wanda harshensa ya fi askarsa kaifi, shi kuwa ya ce zai kalla daga nan, domin yana tsakiyar aske wani mutum. Nasani ya gyara zama, ya murɗa mukulli.

"Wannan 'yar fitilar mai ruwan ɗorawa fa?" in ji Tela, yana nunawa da yatsa. "Mai haruffa uku a cikin da'ira."

Nasani ya duba. Ga ta nan, ABS, tana haske. Kafin Tela ya sauke yatsansa har ya kashe mukulli ya zare shi.

To, ga gaskiyar magana, don kada mai karatu ya wahala tare da Nasani. Fitilar nan haka take yi a duk lokacin da aka murɗa mukulli. Takan kama, motar ta duba na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa in an taka birki da ƙarfi, in ta ga komai lafiya sai fitilar ta mutu da kanta. Abin bai wuce mutum ya ja numfashi ya sauke ba. Sai in akwai matsala ne take tsayawa a kunne. Amma wannan yana buƙatar a jira, Nasani kuwa bai taɓa jiran mutum ya gama magana ba, balle fitila.

"Allah ya so Baba," ya ce, yana fitowa a hankali. "Ka ga da wani ne aka bar wa motar nan, da shi ke nan. Wannan fitilar birki ce. In ta kama, kowace daƙiƙa ka bar ta a kunne ciwon shiga yake yi."

Tela ya fito da sauri ya ja da baya. Mai Aski ya leƙo daga shagonsa da aska a hannu, mutumin da yake yi wa aski ya biyo shi da tawul a wuya, rabin kansa fes, rabi baƙi. Maman Biyu ma ta fito bakin ƙofa, don ta san muryar mijinta in ya samu abin yi wa bayani.

"Baban Biyu, me ya faru?"

"Babu komai, na gano shi da wuri. Zo ki gani." Ya zura hannu ta taga, ya murɗa, fitila ta kama, ya kashe. "Kin gani?"

"Ban ga komai ba, ka kashe. Sake kunnawa ka ɗan bar ta mu gani."

"In bar ta? In yaro ya sa hannu a wuta, cewa kike yi a ɗan bar shi mu gani?"

"To a kira bakaniken ƙarshen layi mana. Yana da na'urar nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta."

Nasani ya yi dariya har da riƙe ƙugu. "Na'ura ce za ta gaya mini ciwon fitila? Ni da nake wuni da fitilu, in kwana da lissafinsu? Wannan ai gida ta zo."

"Baba ya ce kada a buɗe bonet."

"Na sani. Cewa ya yi kada a buɗe don wasa. Wannan ceton rai ne."

"Ran wa?" in ji Mai Aski.

Nasani kuwa ya riga ya ja ƙarfen da ke buɗe bonet. Ganewarsa ta farko ita ce man birki ya yi ƙasa. Ɗan tankin man yana nan cike har layin da aka zana, amma Nasani ya ce layin na masu rowa ne. Ya je ya sayo kwalba ya tuttula har man ya tumbatsa, ya gangaro ta gefen motar. Ya bar shi a nan yana yi wa Tela bayanin yadda birki ke shan mai kamar yadda mutum ke shan ruwa da zafi. Bayanin ya yi tsawo. Da ya gama ya ɗauki tsumma ya goge wurin da ƙarfi, sai tsumman ya taso da launin toka, gefen motar ya bar tabo kamar faɗin tafin hannu.

Ya murɗa mukulli, fitila ta kama, ya kashe.

"Fitilar dai tana nan," in ji Mai Aski. "Fenti ne ya tafi."

"Fentin dama ya gaji. Ka koma ka ƙarasa aikinka, ka bar mutum da rabin kai."

"Ni ban matsu ba," in ji mai rabin askin. Ya jawo benci ya zauna.

Ganewa ta biyu, fiyus ne ya ƙone. Nasani ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje, ya buɗe akwatin fiyus. Maimakon ya duba su ɗaya bayan ɗaya, sai ya zare su duka ya zuba a hularsa, wai gwani ba ya aikin tsinto. Ya fito da su rana yana ɗaga kowanne sama yana kanne ido. Babu wanda ya ƙone. A bayan murfin akwatin akwai zane da ke nuna ramin kowane fiyus, Tela ya nuna masa, ya ce wannan na 'yan koyo ne. Ya mayar da su bisa yadda launukan suka fi dacewa da juna a idonsa. Da ya gama, guda biyu suka rage a cikin hula.

"Waɗannan fa?" in ji Maman Biyu.

"Na ƙari ne. Kamfani yana sa su don cika ido."

Ya murɗa mukulli, fitila ta kama, ya kashe. A wannan ɗan tsakanin Tela ya danna maɓallin gilashi don ya taimaka, sai aka gano gilashin direba ya sauka ke nan, ba shi da niyyar hawa. Sigina ma ta daina ƙiftawa. Nasani ya ce wannan alama ce mai kyau, ciwon ya fara fitowa fili.

Zuwa yanzu gumi ya fara keto masa, kuma tsoro ya fara shigarsa, don ya tuna fuskar surukinsa. Amma da ya ɗaga kai ya ga mutane sun ƙaru, sai tsoron ya koma ya kwanta. Ya share goshi ya sanar da ganewa ta uku.

"Motocin zamani suna da ƙwaƙwalwa. In abu ya ɓata musu rai sai su riƙe shi. A cire mata batir ta manta, shi ke nan."

"A cire maka naka mana," in ji Mai Aski, "ko ka manta da motar."

Aka yi dariya. Nasani ya ɗauki sufana ya kwance kan batir, ya tsaya yana kallon sama na ɗan lokaci don mantuwar ta kama sosai, sannan ya mayar. Yana jonawa motar ta fasa kuka. Ƙararrawar ɓarayi ce ta tashi, hon yana yi, fitilu suna walƙiya, karnukan layin suka ɗauka. Mutane suka fito daga gidaje da shaguna, wasu da sanduna, suna tambayar ina ɓarawon. Nasani ya shiga motar ya fito, ya daki bonet, ya zagaya ta, ya yi mata tsawa. Sai da Maman Biyu ta fizge mukullin daga yatsansa ta danna ɗan maɓallin da take ganin mahaifinta yana dannawa, sannan aka samu shiru.

"Abin da nake shirin yi ke nan," in ji Nasani, ya karɓe mukullinsa.

Motar kuwa ta manta, ba ƙarya. Ta manta ƙarfe nawa ne, agogonta sai ƙiftawa yake yi. Ta manta tashar labarai da tsohon ke saurare kullum, rediyon ya rufe bakinsa yana neman wasu lambobin sirri da babu wanda ya sani. Abu ɗaya ne ba ta manta ba. Nasani ya murɗa mukulli, fitila ta kama, ya kashe.

Wayar Maman Biyu ta yi ƙara. Ta koma gefe ta amsa, ta dawo fuskarta a ɗaure.

"Baba ne. Ya ce sun kusa shiga tasha."

"Ki ce masa ga ni nan tafe."

"Da me?"

"Mace ba ta san aiki ba sai ta ga an gama. Saura abu ɗaya."

"Baban Biyu, ni na tsaya maka a wurin Baba. Ka rufa mini asiri, ka rufe bonet ɗin nan, ka ɗauki tasi ka je ka taro shi, ka gaya masa gaskiya."

Ta faɗi wannan a hankali, don kada a ji, kuma har ga Allah maganar ta taɓa shi. Da su biyu ne kawai a wurin, wataƙila da ya yarda. Amma Tela ya matso yana tambaya, "Malam, mene ne abu ɗayan da ya rage?" Sai Nasani ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

"Sansa. Kowace taya tana da ɗan leƙen asiri a bayanta, yana ƙirga juyinta yana kai rahoto. In datti ya toshe masa ido sai ya kai rahoton ƙarya."

Wannan kam gaskiya ne, ya taɓa jin wani direba yana faɗa a bencin shagonsa. Abin da bai ji ba shi ne yadda ake cire shi. Ya sa jak ya ɗaga motar, ya kwance tayar gaba, ya leƙa har ya hango ɗan abin baƙi da siririyar waya a jikinsa. Ya ja, ya ƙi fitowa, domin ya shekara da shekaru a zaune a raminsa. Ya kawo sukudireba ya cusa ta gefe ya danna da dukkan nauyinsa. Aka ji ƙas. Nasani ya zauna daɓas a ƙasa, rabin sansa a hannunsa, rabi a cikin rami, wayar tana lilo.

"Haka ake cire shi?" in ji Tela.

"Kashi biyu yake fitowa. Kawo mini zare mai ƙarfi."

Tela ya ruga shago ya kawo zaren ɗinkin labule. Nasani ya haɗa gutsattsarin biyu, ya naɗe su da zare, ya bi da salatif daga shagonsa, ya ce ko a kamfani ba a yi masa irin wannan gata ba. Sauran tayoyin uku ba shi da lokacin kwance su, don haka ya yanke shawarar wanke musu ido daga waje. Ya zazzage garin sabulu a bokiti, ya kaɗa, ya riƙa watsawa ta bayan kowace taya, bokiti bayan bokiti. Kumfa ta cika simintin ƙofar gida, ta malala kan titi, ta kwanta fari fat daga bakin shagonsa har ginshiƙin ƙofa. Ya mayar da taya, ya sauke jak, ya buga murfin tayar da tafin hannu sau ɗaya.

Ya shiga ya murɗa mukulli. Fitila ta kama. Zai kashe ke nan Maman Biyu ta zuro hannu ta tagar da ta ƙi rufuwa ta riƙe masa wuyan hannu.

"Yau sai an bar ta. Tun safe nake cewa a bar ta."

Aka bar ta. Kawuna suka cika tagogi. Aka jira, aka ƙara jira. Fitilar ta tsaya daram, domin a karo na farko tun da gari ya waye tana da abin faɗa na gaskiya.

Nasani ya fito yana murmushin nasara. "To, kin gani? Kin ce a bar ta, ga shi an bar ta. Ta mutu? Jama'a, ta mutu?"

Jama'a suka ce ba ta mutu ba. Tela ya girgiza kai don mamakin ilimi. Ita ma Maman Biyu sai jikinta ya yi sanyi, ta fara tunanin ko dai mutumin nan yana da gaskiya. Wayarta ta sake ƙara, ta duba ta ga mahaifinta ne, ta kasa ɗauka.

"Yanzu saura gwaji," in ji Nasani. "Gyara ya shiga, amma motar ba ta sani ba tukuna. Sai an gudu da ita an taka birki da ƙarfi, ta ji a jikinta, sannan fitilar ta mutu. Ku ba ni hanya. Ku tsaya nan ku ga inda zan tsayar da ita, daidai ƙofar gida, ko taku ɗaya ba za ta ƙara ba."

"Mu dai bari mu ƙara taku," in ji Mai Aski. Ya ja mai rabin aski da bencinsa suka hau dakali.

Nasani ya tashi mota, ya haura har ƙarshen layi, ya juyo. Ya wuce garejin bakanike yana kallon gaba kamar bai san da shi ba. Sannan ya taka totur.

A daidai wannan lokaci wata tasi ta tsaya a ƙofar gidan. Tsohon ya gaji da jira a tasha, ya kira ba a ɗauka ba, ya ɗauko tasi da kansa. Ya fito a hankali, ido ɗaya a rufe da bandeji, direban ya sauke masa babban akwatinsa ya jingina da ginshiƙin ƙofa, ya ja motarsa ya tafi. Tsohon ya tsaya yana kallon kumfa, yana kallon taron jama'a, yana neman motarsa da idon da ya rage. Sai ya hango ta tana tahowa.

Nasani ma ya hango shi. Ya taka birki da ƙafa har ƙasa, daidai inda kumfa ta fara. Da na'urar tana aiki, da ta riƙa saki tana kamawa har motar ta tsaya, ko ta ba shi damar kaucewa. Amma na'urar ta ga an ɗaure mata ido da zaren labule, ta janye hannunta. Tayoyi huɗu suka ƙame. Motar ta ci gaba da tafiya a kan sabulu, a natse, ba ta sauraren birki, ba ta sauraren sitiyari, Nasani yana murɗa shi hagu da dama yana salati ta tagar da ba ta rufuwa. Maman Biyu ta janye mahaifinta gefe. Motar ta zo ta matse akwatin da ginshiƙi. Akwatin ya yi ƙara ya fashe, riguna da kwalaben magani da takalman da aka sayo wa 'yan biyu suka zube cikin kumfa. Fitilar gaba ta dama ta tarwatse. Murfin tayar nan ya fice, ya gangara shi kaɗai, ya zagaya ya kwanta a gaban tsohon.

Babu wanda ya ji rauni. Sai Mai Aski ya ce daga kan dakali, "Alhamdu lillahi, an dai samu fitilar da ta mutu."

Nasani ya fito, ya durƙusa a cikin kumfa. "Sannu da hanya, Baba. Ya jiki? Ƙwan fitilar gaba ina da irinsa a shago."

Tsohon ya wuce shi. Ya zagaya motar a hankali. Ya shafa tabon fenti. Ya ɗaga bonet ɗin da ba a rufe da kyau ba ya mayar. Ya danna maɓallin gilashi, ya danna na rediyo, ya kalli agogo yana ƙiftawa. Ya ga fiyus biyu a kan kujera ya ɗauke su ya sa a aljihu. Sannan ya zauna a mazauninsa, ya kashe motar, ya sake murɗa mukulli, ya naɗe hannuwansa a ƙirji yana kallon allo.

"Baba, ita ce matsalar," in ji Nasani, ya matso da gwiwoyi. "Tun safe nake fama da ita. Da ban gano ta ba…"

Tsohon ya ɗaga masa yatsa ɗaya. Layin gaba ɗaya ya tsaya yana jira tare da shi. Fitilar ba ta mutu ba.

"Tun ranar da na sayi motar nan," in ji tsohon, "in na murɗa mukulli sai 'yar fitilar nan ta kama, ta duba mini birki, ta mutu kafin in gama bismilla. Gaisuwa ce muke yi da ita kowace safiya. Yau ce rana ta farko da ta gaishe ni ta ƙi tafiya." Ya juyo da idonsa ɗaya. "Da ka gan ta da safe, ka jira ta?"

Nasani ya buɗe baki. Kalmominsa biyu na kullum suka zo har kan harshe suka maƙale.

"Ina, Baba, ai ko ƙiftawa bai bari ta yi ba," in ji Tela, da zuciya ɗaya, yana son a yaba wa maƙwabcinsa. "Tana kamawa yake kashewa. Saurin hannunsa abin a gani ne. Sai da ya gyara sansa da zarena sannan muka bar ta, ta zauna."

Dariyar ta fara daga kan dakali, ta bi layin har ƙarshe. Maman Biyu ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya tana tsince kwalaben maganin mahaifinta daga cikin kumfa, ba ta kalli mijinta ba, wannan kuwa ya fi dariyar yi masa ciwo.

Tsohon ya fito daga motar, ya ce wa Mai Aski don Allah a kira masa bakanike da na'urarsa. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da mukulli na biyu. Ashe tun a can ya saya masa sabon zobe mai sheƙi, ya rataye shi, ya shirya miƙawa tun a tasha. Nasani ya gan shi, ya ji kamar ya yi kuka. Tsohon ya sa farce ya buɗe zoben a hankali, ya zare mukullin ya mayar aljihu, ya miƙa masa zoben.

"Riƙe wannan, ɗana. An ce mini yatsanka ya saba da juyi, kada ya yi kewa. Shi ba shi da bonet."

Ya dafa kafaɗar 'yarsa suka shiga gida. Mai Aski ya ja mutuminsa ya koma ƙarasa masa sauran rabin. Jama'a suka watse suna tsallake kumfa. Nasani ya tsaya shi kaɗai a gefen motar, wandonsa jiƙe har gwiwa, sai ya ga yatsansa ya shiga zoben da kansa ya fara juyawa. Ya juya, ya juya, babu abin da ya yi ƙara.